Shuka a Tsaye

Ƙadangaren ya cinye ganyen salati na ƙarshe, ya haye kan tulin tubali, sannan ya juyo ya gyaɗa wa Mala kai, kamar baƙon da ya ƙoshi yana cewa Allah ya ƙara buɗi.

Mala bai jefe shi ba. A farkon bazara yana jifa, har ya fasa wa matarsa Gumsu murfin randa, ƙadangaren kuwa ko gezau. Yanzu kafaɗar ta gaji da wannan shari'a. Ya sauke bido biyun, jarkokin ruwan da ya ɗauko daga famfon bakin titi, ya dafa ƙugu, ya tsaya yana duban abin da shi kaɗai a duk Magariya yake kira lambu.

Fangali biyar ne a ƙarƙashin rumfar zana da tamfol da ya kafa saboda rana. Na tumatir ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Na karas bai taɓa nuna ya san an zuba masa iri ba. Na salati ya koma cikin ƙadangare. Saura biyu: kuɓewa, wadda ta tsiro ta kai taƙi ɗaya ta tsaya tana tunanin ko za ta ci gaba, sai kuma layin zogale, abin alfaharinsa, kore shar, ƙananan ganye reras, babu ruwansa da zafi.

"Mushe," in ji Gumsu daga bakin madafa, "in jira lambu ne, ko yau ma kuka za mu kaɗa?"

"Ki yi ta ba'a. Ranar da za ki ci kwaɗon zogalen nan, a gabana za ki lashe hannu."

"Allah ya nuna mana, da ranmu da haƙoranmu."

In tsokana take ji, Mushe take ce masa, yadda ake kiran ma'aikacin ofis da Faransanci. In magana ta gaskiya ce, Baban Rashida yake. Rabon da ya ji Baban Rashida tun ranar da ya fara wannan lambu.

Shekara talatin Mala ya yi a gidan waya a Yamai yana buga hatimi a kan wasiƙu, har mutane suka daina rubuta wasiƙa, ya ci gaba da zama a bayan kanta yana gadin hatimin. Da aka sallame shi ya tattaro ya dawo gidan ubansa da ciwon baya da tafin hannu mai laushi kamar na jariri. Ko albasa bai taɓa shukawa ba. Kuma ko ɗan yaye ya san lambu aikin sanyi ne. Mai hankali ba ya zuba irin salati a watan da kaza ke buɗe baki a inuwa tana haki.

Mala yana da hankali. Abin da ya sa ya zuba daban ne.

Gidan nasu kashi biyu ne. Gaba, inda ya gyara da siminti tun yana aiki, nan yake zaune da Gumsu. Baya kuwa nan ɗakin mahaifiyarsu Inna Fanna yake. Ta rasu bara kafin ruwa, ɗakin ya jira damina ta kankama shi ma ya bi ta. Aka kwashe azara, aka baje ƙasa, wurin ya zama kango. Abin da ya rage shi ne dutsen bakin ƙofa, wanda duwawun Inna ya goge har yana sheƙi. A kansa Mala yake zama da yamma. Ba ya yin komai, zama kawai.

Da sanyi ya fara ja baya, ƙaninsa Sadiƙu ya zo. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tela ne a kasuwa, yana haya ɗaki biyu a bayan tasha da matarsa Lubabatu da 'ya'ya shida, a ƙarƙashin soron da ke tace ruwan sama kamar rariya. Ya gaisa, ya tambayi ciwon baya, ya murza hularsa a hannu.

"Yaya, ina son a fitar mini da rabona. Bayan nan ya ishe ni. Ɗaki biyu zan ɗora kafin ruwa."

Hakkinsa ne, babu malamin da zai ce ba haka ba. Mala ya ce, "To." Irin to ɗin da ya koya a wurin aiki ne, wanda ma'anarsa a dawo gobe.

Sadiƙu bai taɓa aikin gwamnati ba, saboda haka ya ɗauki to a matsayin to. Ya rufe keken ɗinki, ya tafi kududdufin bayan gari ya yi ta kwaɓa ƙasa da ƙafarsa. Tubali ya bushe, aka yi ta kawo shi a amalanke ana jerawa a jikin katangar kangon, har ya kai kafaɗar mutum. Aka sa ranar da mai unguwa Lado zai zo da igiyar awo ya raba.

Ana saura kwanaki kaɗan, Mala yana kan dutsen Inna yana kallon tubalin, sai ya tuna abin da kowa ya sani a ƙasar nan: ba a jan igiyar rabo a kan shuka a tsaye. Washegari da safe ya tafi kasuwa ya sayo iri a 'yan takardu masu hoton tumatir jajir kamar an shafa masa mai. Ya roƙi Illo, makiyayin da ke kawo musu nono daga wajen Yekuwa, ya kawo masa takin awaki buhu biyu. A cikin tarkacen Inna kuma ya ci karo da wata 'yar gora da aka toshe da tsumma, cike da toka, a cikin tokar irin kuɓewa. Ya haɗa duka ya zuba a tsakiyar kangon, daidai inda ɗaki zai zauna.

Ranar igiya, Lado ya shigo da sandarsa, tsoho ne siriri mai ido ɗaya da rabi. Ya tsaya a kan fangalin, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗan koren da ya fara leƙowa, ya dubi Mala.

"Malam Mala, ashe an koma noma."

"Likita ne ya ce in riƙa cin ganye, ranka ya daɗe."

"Likita ya kyauta. Shi ya zaɓa maka wurin ma?"

Mala ya yi tari.

Sadiƙu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa ba ta kai mako ba. Da na kawo tubalin ƙarshe babu komai a nan sai kashin kaji."

Lado ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya taɓa tsiron da ɗan yatsa.

"Mun gada ba a ja a kan shuka. Ko gonar marayu ce, sai mai iri ya kwashe abinsa. Ban isa in karya ba." Ya miƙe yana dafa sanda. "Amma wannan ban sani ba tukuna, shuka ce ko niyya. Za mu bar wa sama ta yi hukunci. In ruwan farko ya sauka na dawo na tarar da ita a tsaye, shuka ce, Sadiƙu ka jira a girbe. In na tarar ta kwanta, mu ja igiya a ranar."

Su ukun duk sun san abin da ke ciki. In shukar ta tsaya, ba za a gama cin ta ba sai tsakiyar damina, lokacin da ba mai ɗora ginin ƙasa. Tubali kuwa ba ya kwana a fili ya ga wani rani. Jiran girbi jiran shekara ne, da sabon kwaɓi.

Sadiƙu ya sa hularsa, ya raka mai unguwa.

Daga ranar Mala ya zama bawan fangali biyar. Famfo ba ya zuwa sai ya ga dama, in ya zo kuma mata sun riga shi layi, suna ba shi wuri don girman furfura suna dariya a cikin mayafi. Ya ɗauko ruwa da safe, ƙasa ta shanye kafin ya juya baya. Ya ɗauko da yamma, ta shanye ba ko godiya. Kajin maƙwabta suka gano wurin, ya yi darni. Akuyar Balaraba mai ƙosai ta ci darnin, ya yi wani. Gara ta shiga turakun rumfa. Tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ya sake yin wani a kan na farko. A masallaci in liman ya yi sujada mai tsawo, Mala ya fi kowa jin daɗi, don nan ne kawai bayansa ke hutawa.

Kuma yana roƙon ruwa. Da gaske yake roƙo, don ya ga in sama ba ta taimaka ba, ba sai Lado ya dawo ba, rana za ta yanke hukuncin. Sai dai duk lokacin da ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba mu ruwa mai albarka, in ya shafa sai idonsa ya sauka a kan tubalin. Sadiƙu ya rufe saman tulin da 'yan tsofaffin buhuna ya danne da duwatsu, abin da ko yayyafi zai raina. Daga baya Mala ya koma yin addu'ar yana fuskantar ɗaya katangar.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Sadiƙu ya shigo duba tubalinsa. Ya zagaya, ya gyara buhu, ya ɗauki guda ɗaya ya ƙwanƙwasa ya mayar. Zai fita sai ya tsaya a kan fangalin kuɓewa. Ya daɗe a tsaye.

"Irin Inna ne wannan."

"A gora na same shi," in ji Mala.

"Na sani. Ni na zuba tokar." Ya tsuguna. "Ka yi musu kusa-kusa, Yaya. Ita taku guda take bari tsakani. Ta ce kuɓewa kamar 'yan'uwa ce, in aka matse su wuri ɗaya babu mai girma."

"Inna ta faɗi haka, ko kai ka faɗa yanzu?"

Sadiƙu ya yi murmushi, na farko tun sanyi. "Ita ta faɗa. Da idonta ya tafi, ni nake shuka mata. Tana zaune a kan dutsen can tana ba da umarni. In na matse su sai ta ce ta ji a jikinta."

Ba tare da ya nemi izini ba ya sa hannu ya cire raunanan, ya bar masu ƙarfi, ya tara musu ƙasa a gindi. Hannunsa ya san aikin. Mala yana tsaye yana kallo, ya rasa ko ya hana ko ya gode. Mutum yana gyara igiyar da aka ɗaure shi da ita.

"Ya yaran?" ya ce, don dai ya ce wani abu.

"Lafiya lau. Lubabatu ta fara tara kwanoni da roba. Ta ce bana ba za ta ba kowa aron kwano ba, kowanne da wurinsa a ƙarƙashin soro." Ya karkaɗe hannu. "Ƙaramar ce dai ba ta son sanyin ƙasa. Bara tari ya riƙe ta har kaka."

Ya juya ya dubi layin zogalen, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ya yi sallama ya tafi.

Kuɓewar ta ji daɗin hannun Sadiƙu. Cikin 'yan kwanaki ta buɗe ganye, ta ɗago. Mala ya so ya ji haushi, bai samu ƙarfin ba.

Zogalen ne ya ba shi labari da kansa. Wata safiya ya sunkuya zai tsinki ɗan ganye ya kai wa Gumsu shaida, sai wani abu ya soke shi a yatsa. Ya janye hannu, ga ɗigon jini. Ya ɗauko tabarau ya sake sunkuyawa. A gindin kowane ganye akwai ƙananan ƙayoyi biyu, farare, sababbi, masu ƙwazo.

Ya zauna a ƙasa. Zogale ba ya ƙaya. Ya tuna takin Illo, ya tuna abin da kowace akuya a ƙasar Magariya take ci duk rani: 'ya'yan gawo. Irin zogalen da ya saya ya ruɓe tun tuni a cikin ƙasa. Abin da awakin Illo suka haɗiye suka kasa narkarwa shi ya tsiro a layi, shi kuma Mala ya yi ta yi masa hidima da ruwan famfo safe da yamma, itacen da ke tsirowa a dawa ba wanda ya ce masa sannu.

"Gumsu!"

Ta leƙo da muciya a hannu.

"Kin san wannan gawo ne?"

"Tun yana ganye biyu."

"Sadiƙu ma ya sani?"

"Har Balaraba ta sani. Akuyarta ce ta fara ganewa."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini."

"Na ga shi kaɗai ke sa ka dariya a gidan nan, Mushe. Na ce a bar ka da abinka."

Ya tsotsi yatsan. Ya lissafa a ransa cewa in Allah ya ja kwana, zai sha inuwar lambunsa yana da shekara tamanin da wani abu, kuma a lokacin rani kawai, don gawo da damina yake zubar da ganye. Ko a cikin itatuwa sai da ya zaɓi mai yin abu a lokacin da ba nasa ba.

Hadarin ya taso ranar wata Talata bayan la'asar. Tun da rana zafi ya yi nauyi, iska ta tsaya cik, tururuwa suna kwasar ƙwai suna hawa katanga. Sai gabas ta yi baƙi daga wajen Dungas, baƙin ya yi ta hawa har ya ci rabin sama. Aka ji yara a titi suna ihu, mata suna kwashe shanya. Iska mai sanyi ta bugo, ta zo da ƙamshin ƙasar da ta riga ta sha a wani gari.

Mala yana tsaye a kangon. Abin da ya yi ta roƙo ke nan. Ya duba rumfarsa: zana uku da tamfol a sama, ɗaure da kyau. Ruwan farko duka yake yi, ba shafa ba, amma a ƙarƙashin wannan rumfa kuɓewa za ta sha ba tare da an mare ta ba. Gobe Lado zai tarar da ita a tsaye kamar soja.

Iska ta biyu ta fi ta farko. Ta ɗaga buhunan Sadiƙu ɗaya bayan ɗaya, ta yi sama da su, ta tsallake katanga da su zuwa gidan wani. Tubalin ya rage tsirara. Ɗigon farko ya faɗo a kan na sama, babba kamar kwabo, ya yi baƙin tabo. Na biyu ya faɗo kusa da shi. A jikin wani tubali Mala ya hango shatin ƙafa, inda wani ya taka tun yana ɗanye. Ƙaramar ƙafa ce, ba ta kai tafin hannunsa ba.

Ya ce, "Kai, Allah ya isa tsakanina da kaina."

Ya kama igiyar tamfol ya ja. Ƙullin da ya yi da alfahari ya ƙi kwancewa. Ya sa haƙori.

"Gumsu! Wuƙa!"

Ta fito a guje, ta ga abin da yake yi, ba ta tambaya ba. Ta yanke ta wannan gefe, ya yanke ta wancan. Tamfol ya cika da iska ya nemi ya tafi da su Nijeriya. Suka ja shi a ƙasa, ta kan tumatir, ta kan abin da ya kamata ya zama karas, ta kan kuɓewa. Mala ya ji wani abu mai taushi ya karye a ƙarƙashin takalminsa, bai duba ba. Ruwa ya ɓalle gaba ɗaya.

Tamfol bai kai tsawon tulin ba. Suka ciro zanan uku suka jingina a sauran. Gumsu ta koma ta kwaso tabarmar salla da ledar shimfiɗa da buhun gawayi. Abin dannewa ya ƙare, iska tana ɗaga kusurwar tamfol tana kaɗawa. Mala ya waiga, ya ga dutsen bakin ƙofar Inna. Ya tsaya.

"Baban Rashida, ɗauko mana! Dutse ne!"

Su biyu suka ciccibe shi. Bayansa ya yi wata ƙara da ya san zai biya kuɗinta har kaka. Suka ɗora a kan kusurwar, tamfol ya kwanta.

A haka Sadiƙu ya same su. Ya shigo a guje, jiƙe sharkaf, rungume da buhunan siminti marasa komai da ya roƙo a tasha. Ya ja birki a tsakiyar kango. Ya dubi tubalin a rufe, ya dubi turakun rumfa tsaye ba komai a kansu, ya dubi fangalin da suka zama taɓo mai shatin takalmi. Ruwa yana zuba daga gemun yayansa.

"Yaya…"

"Kada ka tsaya kana kallona kamar talabijin. Can ƙarshen yana sha."

Suka rufe ƙarshen da buhunan. Layin sama na wannan gefe ya riga ya narke, yana gangarowa ja kamar kunun kanwa, amma sauran ya tsira. Su ukun suka fake a zaure suna ɗiga. Can Gumsu ta ce za ta dafa shayi, kuma duk wanda ya taka mata ɗaki da wannan ƙafa zai gane kurensa.

Da safe gari ya waye a wanke. Ko'ina ƙamshin ƙasa, maza suna wucewa da sungumi a kafaɗa za su gona. Lado ya cika alkawari, ya zo da igiya a hannun Hambali magini, Sadiƙu yana biye.

Mala ya fito yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a baya. Bai leƙa kangon ba tun jiya. Ya tabbata babu abin gani.

Tumatir ya kwanta, ya huta da wahala. Fangalin sun haɗe sun zama fili ɗaya. Gawon yana nan, ko a jikinsa. A tsakiyar taɓon kuma, tsakanin shatin takalminsa biyu, kuɓewa uku suna tsaye. Jiya ruwa ya kwantar da su, da asuba suka tashi. Ganyensu ya buɗe, kore mai duhu, da ɗigon ruwa a kai. Tun da ya shuka su bai taɓa ganin sun yi kyau haka ba. Irin Inna ne, ba su san lokacin da ake yin shiru ba.

Lado ya zagaya su da sandarsa. Ya dubi Sadiƙu, Sadiƙu ya sunkuyar da kai. Ya dubi Mala.

"To, Malam Mala. Na ce in na tarar da ita a tsaye. Idona ɗaya da rabi ne, ban cika yarda da shi ba. Kai mai lambu, mene ne wannan?"

Mala ya dubi kuɓewar. Ya dubi ramin da dutsen Inna ya bari, ruwa ya taru a ciki, sama tana leƙa kanta.

"Ciyawa ce, ranka ya daɗe."

"Ciyawa."

"Bayan ruwa ba abin da ba ya fitowa."

"Ikon Allah. Ciyawa mai kama da kuɓewa."

"Ni da zogalena ya yi kama da gawo, ban isa in yi mamaki ba."

Hambali magini ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Lado bai yi dariya ba. Ya ɗan jima yana duban Mala da idon nan mai kyau, sannan ya ce, "Bismillahi. Hambali, kama bakin igiya."

Aka auna daga katanga zuwa katanga, aka kafa turaku, aka ja igiya ta ratsa kangon. Liman ya zo daga baya ya shafa fatiha. Kuɓewa ukun suka faɗa ɓangaren Sadiƙu. Layin gawo kaf ya faɗa ɓangaren Mala.

"Allah mai adalci," in ji Gumsu daga bakin madafa. "Kowa ya samu abin da ya yi wa wahala."

Hambali ya fara zana harsashi da ƙafa. Da ya iso kusa da kuɓewar, Sadiƙu ya ce ya ɗan ja ɗakin baya, tsakar gida ta yi faɗi. Hambali ya ce faɗin me, taku biyu ne fa. Sadiƙu ya ce taku biyun yake so. Ya kwaso tubalan da suka narke rabi, ya kewaye kuɓewar da su. Sannan ya je ya sauke dutsen daga kan tamfol, ya tsaya riƙe da shi a ƙirji yana nishi.

"Yaya, ina za a sa wannan?"

Mala ya dubi ramin. Yanzu yana hayin igiya, a ɓangaren Sadiƙu.

"Mayar da shi inda yake. Ƙofa ai tana son dutse."

Sadiƙu ya mayar. Ya goge hannu a riga, bai dubi yayansa ba ya ce, "Ni da safe ina wurin gini, Lubabatu kuma ba ta da hannun shuka. In ruwa ya yi jinkiri, ciyawar nan za ta so a riƙa ba ta."

"A gani," in ji Mala.

Ruwa kuwa ya yi jinkiri, kamar yadda ya saba bayan na farko. Ƙasa ta sake yin fari. Kwana biyu Mala yana kwance, Gumsu tana gasa masa baya da tsumma tana ce masa Mushe. A rana ta uku ya lallaɓa famfo tun magina ba su zo ba, ya ɗauko bido ɗaya, don biyu sun fi ƙarfinsa yanzu. Ya wuce gawonsa, wanda bai nemi komai ba. Ya iso inda igiyar take kwance a ƙasa, ta yi datti, kaza ma tsallake ta take yi.

Ya tsaya. Hayin igiyar harsashi ya fara tasowa, ga kuɓewa uku a cikin da'irar tubali, ga dutsen. Ba kowa a wurin.

Ya sauke bidon, ya gyara hula.

"Salamu alaikum," ya ce.

A kan dutsen Inna, ƙadangaren ya ɗago ya gyaɗa masa kai.